Yawon ƙafa a hunturu: abin da aka tattauna

A zamanmu kan fita yawon ƙafa rukuni-rukuni a bakin Gulbin Rima da wajen Tafkin Kware a Jihar Sakkwato, an yarda Disamba zuwa Fabrairu ne lokacinsa, kafin zafin bazara. Matasa na son a tashi bayan sallar asuba, dattawa suka ce a jira hazo ya ɗaga. Ina bayan dattawan, saboda masu ciwon asma.

Maganar jagora ce ta fi ɗaukar lokaci. A nemi ɗan gari da ya san fadama, kada a tattake wa mutane albasa. A gaida mai gari, a tambayi halin tsaro kafin a shiga daji, a dawo tun da sauran rana. Ruwa, takunkumi da man shafawa kuwa, kowa ya riƙe nasa.