Motata Hilux tana ɗaukar zafi a yashi da go-sulo, amma a kan kwalta lafiya lau

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema kafin a buɗe mini inji.

Ina da Hilux ƙirar 2012, mai fetur, injin lita 2.7. Da ita nake zuwa gona can wajen Tudun Wada, kuma daga inda ake sauka daga kwalta zuwa gonar akwai burji da yashi mai yawa. Tun da zafin nan na Afrilu ya kankama, duk lokacin da na saka ogzilari, wato giyar da ke sa ƙafa huɗu su ja, ina jan yashi a hankali, sai allurar zafi ta bar tsakiya ta doshi ja. Haka ma cikin gari, in na shiga go-sulon Kurna da azahar da esi a kunne. Abin da ya ɗaure mini kai, da zarar na hau titin Zariya daga Kwanar Dangora na taka ta, allurar sai ta dawo mazauninta har na shigo Na'ibawa.

Ruwan lagireto yana raguwa kaɗan, nakan ƙara na burtsatse. Bakanike ɗaya ya ce a cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗau zafi, a yar, wai ƙasarmu ba ta buƙatarsa. Na biyu ya ce gaskit ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, a sauke kan inji. Motar nan da ita nake ci da iyali, ba na son a yi mini gwaji a kanta.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka bari kowa ya kwance ko ƙusa ɗaya a kan injin nan tukuna. Bayaninka ma ya nuna inda za a fara dubawa. In kana gudu a kwalta, iskar hanya ce ke ratsa lagireto tana sanyaya ruwa. In kana tafiyar hawainiya a yashi, inji na aiki tuƙuru, iskar hanya kuma babu, sai abin da fanka ta jawo. Motar da ke sanyi a gudu tana zafi a tsaye, iska ce ba ta isar ta.

Fankar Hilux ɗinka fambel ke juya ta, amma a tsakiyarta akwai wani kulochi mai man silikon a ciki. In iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi sai ya kama, fanka ta ja da ƙarfi, har ka ji gurnaninta. In man ya tsiyaye, za ka ga fanka tana juyawa, ka ɗauka lafiya take, alhali wasa kawai take yi. Ka gwada da kanka: bayan motar ta ɗau zafi, kashe ta, zare makulli, ka tura fankar da hannu. In ta yi tauri ta tsaya nan take, da sauran ranta. In ta yi ta wulwulawa kamar fankar ɗaki, ta mutu. Duba tsakiyarta kuma, ko akwai maiƙo da ƙura ta manne.

Ɗan Kurna: Ni dai tawa an cire tamostat shekara uku ke nan, ban ga komai ba.

Baban Khalifa: Malam, kai ka yi sa'a, amma ba magani ba ne. Tamostat na wannan injin yana fara buɗewa wajen digiri 82, lambar ma tana jikinsa. In ya buɗe wa ruwa hanyar lagireto, yana kuma toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji. Ka cire shi, wani ruwan zafin sai ya riƙa komawa inji bai bi ta lagireto ba. Lokacin hunturu kuma inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya yi ta zuƙar mai. Mai shakkar nasa ya jefa shi a tukunyar ruwa ya ɗora a wuta. In ya buɗe kafin ruwa ya tafasa, ƙalau yake. In ya ƙi, a sayi sabo.

Mai wankin lagireto, Ƙofar Ruwa: Ranka ya daɗe, tunda motar gona ce, yaushe rabon da a raba lagireto da kondensar esi da ke gabansa a duba tsakaninsu? Nan ne mutane ba sa gani. Taɓon damina, ƙaiƙayin kaka, 'ya'yan ciyawa, duk a nan suke taruwa su zama kamar tabarma. Ta gaba kana ganin tsaf. Ka haska tocila ta bayan lagireto da dare, ka ga ko haske zai fito ta gaba. Kuma in za a wanke, daga baya ake feso ruwa zuwa gaba, a hankali. Ruwan 'yan wankin mota mai ƙarfin nan lanƙwashe haƙoran lagireto yake yi.

Maganar ruwan burtsatse kuma, don Allah ka daina. Kullum muna buɗe lagireto mu tarar da farin dutse da tsatsa sun toshe bututu, irin wanda kake gani a gindin buta. Kulant ake zubawa, wato ruwan sanyaya inji na musamman, irin ja ko ruwan hoda da Toyota ke amfani da shi, shi ke hana tsatsa cin famfon ruwa.

Direban Doguwa: Alhaji, abu ɗaya zan roƙe ka. In ta yi zafi a daji, kada ka taɓa murfin lagireto. Ni na buɗe a kusa da Falgore, har yau tabon yana hannuna, wata guda ban riƙe sitiyari ba. Ka kashe esi, ka tsaya, ka ɗaga bonet, ka jira ta huce. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, kan silinda yana iya tsagewa.

Maman Ilham: A duba murfin ma. Tamu haka ta riƙa shan ruwa, ashe robar murfin ce ta cinye.

Baban Khalifa: Hajiya ta faɗi gaskiya. Murfin nan shi ke riƙe matsi, wajen 1.1 za ka gani a rubuce a kansa. Da wannan matsin ruwa ba ya tafasa sai ya kai kusan digiri 120. In roba ta mutu, ya tafasa da wuri ya zube ta robar ajiya. Wataƙila nan ruwanka ke tafiya.

Shi kuma gaskit ba a yanke masa hukunci da baki. Da safe kafin ka tayar, buɗe murfi, cika ruwa, tayar da mota ka zuba ido. In kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko in ka mayar da murfi tiyon sama ya yi tauri kamar dutse tun inji bai ɗumama ba, ko salansa na fitar da farin hayaƙi mai yawa bayan ta ɗumama, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to a nan za a yi maganar gaskit.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yau da safe na gwada, babu kumfa, baƙin mai kuma kalarsa ƙalau. Da na dawo daga Hotoro na kashe ta na tura fanka, wallahi sai da ta zagaya kusan sau huɗu. Mun sauke lagireto, abin da aka kwaso tsakaninsa da kondensa ya kusa cika kwano. Yanzu bakanike yana cewa a ɗaure kulochin fankar da ƙusa ta riƙa juyawa kai tsaye, ya fi arha. In yarda?

Baban Khalifa: A'a, Alhaji. Za ta sha mai, ta cika maka kunne da ƙara, ta gajiyar da fambel. Mafi muni, da damina in ka shiga rafin hanyar gonarka, fankar da aka ɗaure ba ta sassautawa, ruwa sai ya lanƙwasa fukafukanta su yanki lagireto. A sake zuba man silikon in jikinsa bai lalace ba, ko ka sayi wani. Ka haɗa da sabon murfi da kulant, tamostat kuma a bar shi a inda yake.

Mai tambaya: An canza kulochin da murfin, an zuba kulant. Jiya Asabar na shiga yashin da ogzilari ƙarfe biyu na rana, da buhun taki goma a baya. Na ji fanka ta yi gurnani sau biyu, allura ba ta bar tsakiya ba har bakin gona.