A sare kurnar ko a bar ta? Asabar mai intalok zai zo

Mai Sabon Gida: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema kuma da ɗan gaggawa. Allah ya nufa na gama ginina nan Kano ta wajen hanyar Gwarzo, wata biyu kenan da tarewarmu. A bayan gidan akwai filin da ya rage kamar ƙafa 20 da ƙafa 30, kuma akwai wata tsohuwar kurna a kusurwa, tun wajen yana gona take nan, lokacin gini na hana a taɓa ta. Tsakaninta da sokawe kamar ƙafa 12, ita da katanga kuma ƙafa 5. Kullum da asuba kurciyoyi da bainu da wasu ƙananan tsuntsaye da ban san sunansu ba ke cika ta, ran nan ma har bushiya yarana suka gani a gindinta da magariba, da zancen suka kwana. Ni a raina so nake in bar rabin wajen ƙasa, in ajiye kasko da ruwa, in ƙara zogale da lalle, yaran nan su taso suna ganin abin da muka gani muna yara. To maginina ya ce saiwar za ta fasa sokawe, uwargida kuma maciji take tsoro, ta ce a malale ko'ina da intalok a huta. Na riga na ba mai intalok kafin alƙalami. Tambayata biyu ce, kurna a wannan tazarar tana fasa rami? Sannan wanda ya taɓa ajiye wa tsuntsaye ruwa a gida, me ya biyo baya?

Ɗan Fagge: Wa'alaikumussalam, Allah ya sa an shiga a sa'a. Ka dasa mangwaro mai aure kawai, shekara uku zuwa huɗu ka fara sha. 1,500 na sayi nawa wajen masu saida dashe na bakin titi.

Hajiyar Tudun Wada: 1,500 a wace shekarar? Watan jiya 4,000 aka ce min, da ƙyar ya bari 3,500.

Ɗan Fagge: Hajiya ai motarki ya gani 😂

Birkila: Alhaji ka saurari maginin ka. Shekara 22 ina wannan sana'a, na fasa sokawe fiye da yadda zan iya ƙirgawa, in ka ɗaga murfi sai ka tarar saiwa ta cika ramin kamar gashin kai. Ka sare ta, ka tone kututturen, ka zuba intalok. Nawa ma ya ce maka sikwaya? In ya haura 6,500 da aiki da yashi ya cuce ka.

Hajiyar Tudun Wada: Mu 9,000 aka yi mana, kuma tun kafin siminti ya ƙara tashi.

Malamin Gona: Malam Birkila, da girmamawa, waɗanne itatuwa ne ka tarar a ramukan? Na tabbata yawanci cediya ce ko durumi ko darbejiya, su ne masu saiwa mai yawo a sama-sama tana neman danshi. Kurna itaciyar ƙasar fari ce, babbar saiwarta ƙasa take nutsawa, kuma wannan ta girma ta gama kafa kanta tun kafin a haƙa ramin. In yana jin tsoro a haƙa siririn rami tsakaninta da sokawen, zurfin ƙafa 3 ko 4, a zuba kankare ya zama shinge, shikenan. Kuma mai gida ka sani furen kurna ƙudan zuma na sonsa sosai, 'ya'yanta tsuntsu ya ci yaro ya ci, wacce za ka dasa yau sai ta shekara goma ba ta ba ka inuwar wannan ba.

Birkila: To ai sokawe aikinsa kenan tsiyayar da ruwa cikin ƙasa, ina saiwar da za ta ji danshi ta ƙi zuwa? Ku a takarda kuka karanta, mu da diga muka gani. Gani ya kori ji.

Malamin Gona: Shekara 15 ina rainon dashe da hannuna, ba a ofis nake zaune ba.

Maman 'Yan Biyu: Ɗan'uwa don girman Allah ka ji maganar matarka. Ban so in yi magana ba amma na kasa. Ni ma haka na kasance, a Kaduna muke, bayan ɗakina ba abin da ban shuka ba, gwanda, ayaba, rama, ciyawar shayi, har tsohuwar roba na yanka nake zuba wa tsuntsaye ruwa, ƙawayena in sun zo sai su ce gidan nan sanyi kamar Jos. Wata ranar Laraba da damina ana kiran magariba ɗana mai shekara 7 ya je ɗauko ƙwallonsa a gindin ayabar, ihunsa kawai na ji. Kafin babansa ya dawo daga masallaci ƙafar ta fara hawa. Asibitin farko suka ce ba su da allurar saran maciji, na biyu ma haka, muna cikin adaidaita yaro yana amai dasashinsa na jini ina riƙe da kansa ina salati, sai a na uku aka rubuta mana muka je muka sayo da kanmu cikin dare, kwalba ɗaya 85,000 kuma uku aka yi masa. Ɗan kunnena na gwal da keken ɗinkina duk sun tafi a satin nan. Allah ya tashi kafaɗarsa amma zango guda bai je makaranta ba, har yau in ya yi gudu sai ya ce wajen na masa zafi. Abin da ya fi ci min rai ba kuɗin ba ne, dangin mijina ne da suka zo dubiya suna cewa ai ga abin da shuke-shuken banza ke jawowa, a gabana, yaro na kwance. Ranar da aka sallame mu da hannuna na sare ayabar ina kuka. Yanzu ko tsinke babu a gidana, siminti ne har bakin ƙofa.

Hajiyar Tudun Wada: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya ya mayar miki da alheri.

Ɗan Fagge: Subhanallah. Allah ya kiyaye gaba. Amma 85,000? Wani maƙocinmu 45,000 ya saya bara.

Maman 'Yan Biyu: Ƙarfe ɗayan dare da yaro a hannu za ka tsaya ciniki?

Ɗan Baiwa: Maganin maciji ai sauƙi ne da shi, a zuba baƙin mai zagaye da katanga, a daka tafarnuwa a watsa, sannan kowane gida a ajiye baƙin dutsen nan na sara.

Anti Nas: Don Allah kar wanda ya dogara da dutse ko tafarnuwa ko baƙin mai. In tsautsayi ya faru ba a ɗaure ƙafa tamau, ba a tsaga wajen da reza, ba a tsotsa, a cire zobe ko abin hannu kafin kumburi, a hana mutum tafiya da ƙafar, a ɗauke shi sai asibiti. Jinin dasashi da Maman 'Yan Biyu ta faɗa irin na saran kububuwa ne, dafinta jini yake hana daskarewa, shi ya sa mutum zai ga kamar ya ji sauƙi kwana biyu sannan abu ya rikice. A Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibiti guda na saran maciji, saboda yawan kububuwar yankin. Maman 'Yan Biyu ba laifinki ba ne wallahi. In tambaye ki, akwai kango ko tarin bulo kusa da ku?

Maman 'Yan Biyu: Akwai kango a bayanmu, katanga ɗaya ta raba mu, shekara tara ba a ɗora ko bulo ɗaya ba, nan unguwa ke zubar da shara.

Malamin Gona: To kin ji inda ya fito. Maciji ɓera da kwaɗo yake bi, da wajen ɓuya mai sanyi, tarin bulo, tarin itacen girki, tsohon kwano, ciyawa mai tsayi. Ba itace yake bi ba. Gindin kurna in an share shi fes ana ganin ƙasa ba abin da zai zaunar da shi.

Maman 'Yan Biyu: Malam ko daga ina ya fito a gindin ayabata ya kwanta, bai kwanta a kan siminti ba. Wanda bai riƙe ɗansa a adaidaita cikin dare ba ba zai gane ba. An ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake, to ni na yarda ni ce, ku bar ni da tsorona.

Birkila: Kun ji dai. Wacce abin ya sama ta yi magana, saura masu lacca.

Baba Mai Ritaya: Yarana ku yi haƙuri da juna, kowa gaskiyarsa ya faɗa. 'Yata Allah ya ba ki ladan jinya. Ni dai abin da na sani, hadisi ne ingantacce cewa musulmi ba zai dasa itace ko ya yi shuka ba, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci, face ya zama sadaka gare shi. Muna yara a gidanmu akwai tsamiya, duk shekara shamuwa ke zuwa ta yi sheƙa, in ta iso tsofaffi su ce a gyara fartanya ruwa ya kusa, kuma ba yaron da ya isa ya harbe ta da danƙo. Jikokina yau ba su san shamuwa ba sai a karin magana. Ungulu fa? Da in ka je mayanka ba ka iya ƙirga su, yau shekara nawa rabon da ka ga ko ɗaya a cikin gari, guba da masu sayen kanta don tsubbu sun ƙarar da ita. Ɗana in ka bar kurnar ka sa a rage mata rassan da suka hau katanga, ƙayarta kuma a riƙa sharewa saboda ƙafar yara.

Ɗan Baiwa: Baba duk mun ji, amma bushiyar nan da ta tare kafin masu gida, nawa take biya a wata? 😂 Alhaji ka rubuta mata takardar haya kafin ta kawo danginta.

Na Zangon Accra: Ku kuna maganar bushiya, ku zo nan ku ga jemagu a itatuwan wajen asibitin sojoji na 37, da yamma in suka tashi sama baƙi take yi. Mutane na ƙorafin kashi da wari amma su ne ke yaɗa irin itatuwa cikin daji. In ka sa mangwaro ko gwaiba ka shirya baƙi da dare.

Hajiyar Tudun Wada: Jemage da sauƙi, ni mujiya ce ba zan iya ba. Ta kwana biyu tana kuka a kan darbejiyarmu surukata ta sa aka sare.

Anti Nas: Hajiya mujiya ɓeraye take ci, kuma ɓera ne ke kawo zazzaɓin Lassa. Mai gadi kuka kora.

Mai Sabon Gida: Na gode ƙwarai jama'a, Maman 'Yan Biyu labarinki ya taɓa ni, na karanta wa uwargida ta yi shiru. Amma har yanzu ba wanda ya ce min komai kan ruwan, kuma ni ba ayaba zan sa ba, kuma gobe Juma'a.

Ɗan Maraɗi: Ni ina aje ma tsuntsaye ruwa shekara huɗu kenan. Kasko marar zurhi, ruwan kar ya wuce gaɓar yatsa biyu, ka sa dutsi a tsakiya don ƙanana da zuma su samu wurin tsayawa, ka ɗora shi bisa wani abu mai tsawo saboda mussa, ba ƙasa ba inda kwaɗi za su taru. Duk kwana biyu ka zubar ka wanke, sauro sai ya yi wajen mako cikin ruwa kahin ya tashi, in kana canzawa ba ya samun zama. Watan Afrilu da zahi ya yi zahi za ka ga tsuntsun da ba ka taɓa gani ba, ni har alhudahuda ta zo. Kuma kar a fesa fiya-fiya kusa da wurin. Kaskon jikka guda ta sefa na saye. Nan wajenmu tun shekarun 1980 manoma suka koma barin kututture ya tohu cikin gona maimakon a tumɓuke, gonakin da suka zama hili yau ga icce, kuma ran 3 ga Agusta ta kowace shekara dashen icce ake a Nijar. Amma cikin birni mu ma ciwon guda ne, dajin bedi, wato darbejiya, da aka kewaye Yamai da shi an bi an yanka hilaye a ciki.

Ɗan Fagge: Ai wannan ita ce maganar. Unguwarmu a taswira akwai filin wasan yara da lambu, da idona na gani lokacin da muka sayi fili, yau shaguna ne guda goma sha biyu a wajen. An hana mu na gwamnati sannan a ce mu yi daji a ƙafa 20.

Hajiyar Tudun Wada: Mu da aka zo faɗaɗa titi manyan itatuwan da suka girme ni aka kwantar rana ɗaya, aka ce za a dasa wasu, an dasa ɗin, ba mai ba su ruwa, awaki suka gama da su kafin kaka.

Maman 'Yan Biyu: Ni kangon nan ne ma har yanzu yana nan. Sau uku mazan layinmu suna zuwa wajen mai unguwa, mai filin yana Abuja, an kira shi ya ce in mun matsu mu saya. Mu muke haɗa kuɗi duk damina a yi mana noman ciyawar, bana 2,000 kowane gida, gida biyar suka ƙi bayarwa.

Birkila: 2,000 ma da arha, mu 5,000 muka ba da kuma ba a kwashe sharar ba. Wai shin ba dokar da ke ƙwace fili in an shekara goma ba a gina ba? Wa ya san inda ake kai irin wannan ƙarar?