Wa ya taɓa zuwa Tafkin Saimaa na ƙasar Finland? A ba mu labari kafin mu kashe kuɗinmu

Baban Yara

Assalamu alaikum jama'a. Hutun bazara ya matso, maiɗakina da yara sun tsare ni sai mun fita daga Helsinki mun sha iska. Duk ɗan ƙasar da na tambaya a wurin aiki sai ya ce Saimaa. Na duba taswira, ruwa ne da tsibirai birjik, ban ma gane ta inda ake farawa ba. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mana tsakani da Allah: ina ya sauka, me ya gani, me ya ci, kuma yaya ya yi da salla?

Ɗan Zazzau

Wa alaikumus salam Baban Yara. Ni a Lappeenranta nake karatu, bakin tafkin ta kudu, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci a jirgin ƙasa daga wajenku. Kada ka sa rai za ka tsaya a gaɓa ka hangi ruwa iyakar ganinka. Tafkin ya kai murabba'in kilomita 4,400, shi ne mafi girma a Finland, amma tsibirai kusan 14,000 sun yayyanka shi. Galibin inda ka tsaya ɗan ruwa ne, sai dutse, sai daji, sai kuma wani ruwan ya ɓullo ta baya. Ba a ƙafa ake ganinsa ba, sai cikin jirgi ko a mota.

Idan da mota za ku zo, ku bi hanyar Mikkeli zuwa Puumala. Akwai inda titin ke tsallake ƙananan tsibirai ɗaya bayan ɗaya, ruwa dama ruwa hagu. Wasu tsibiran kuma sai ka hau da motarka kan wani jirgin fito mai launin rawaya ya tsallakar da kai, ba ka biyan ko sisi don cikin hanyar gwamnati yake. Iyakar Rasha tana kusa da mu, amma a rufe take tun ƙarshen 2023, kada yara su sa rai za su leƙa.

Hajiya Bakatsiniya

Ni maganar ciki zan yi, don ita ta fi damuna a tafiya. Ku nemi muikku. Ƙananan kifaye ne tsawon yatsa, a barbaɗa musu gari a soya da man shanu, a ci har da ƙaya. A kasuwar bakin ruwa ta Savonlinna nan take ake soya su a babban kasko, ƙamshin ne ma zai kai ka wurin. Tsuntsayen ruwa kuwa ba kunya gare su ba, ɗaya ya sure wa autata kifi daga hannu, ta yi ta kuka muna dariya.

Amma a kula da kalakukko. Za a ce maka burodi ne da kifi a ciki, kuma haka ne, sai dai tare da kitsen alade ake gasa shi. Lörtsy ma, wani soyayyen fanke mai faɗi da Savonlinna ta yi suna da shi, iri biyu aka fi sayarwa: mai nama da mai tuffa. Mai tuffan muka saya. Vety da atomi na Lappeenranta kuwa, su ma fanke ne masu nama a ciki, a bar musu kayansu. Ka tambaya kawai, mutanen ba sa ɓoye abin da ke ciki.

Malamin Lissafi

Hajiya ta yi gaskiya. Tunda za ku Savonlinna, ganuwar Olavinlinna ce dalilin zuwa. A 1475 wani basarake mai suna Erik Axelsson Tott ya aza harsashinta, zamanin Finland na ƙarƙashin Suwidin, don tsare iyakar gabas. Kan wani tsibirin dutse take, ruwa na gudu da ƙarfi ta gefenta, hasumiyoyi uku ne suka rage a tsaye. Duk da haka a ƙarni na 18 ta faɗa hannun Rashawa. Matakalan hasumiyar matsattsu ne, ba su daidaita ba, mai ciwon gwiwa ya tsaya a ƙasa. Ni sai da na dafa bango ina haki, wata tsohuwa 'yar ƙasa ta wuce ni ko a jikinta.

Watan Yuli ake bikin waƙoƙin opera a farfajiyarta, bikin da aka fara a 1912. In ba shi ya kawo ku ba, ku sani ɗakin kwana yana tsada a lokacin, samunsa ma aiki ne. Kusa da nan akwai Punkaharju, tudun yashi siriri mai tsawon kilomita 7 da ƙanƙarar zamanin da ta bari a tsakiyar ruwa, dogayen itatuwa sun rufe shi. Sai cocin Kerimäki da aka gama a 1847, zallar katako, yana zaunar da mutum sama da 3,000. Ko don aikin kafintocin ya isa a leƙa.

Bazamfare

Ku dai kuna ta yabo. Ni na je, kuma gaskiya ban ga abin da ya kai kuɗin da na kashe ba. Mun kama ɗan gidan katako a bakin ruwa, ba famfo, bayan gida a waje, kanti mafi kusa sai ka tuƙa mota. Shiru har kunnenka ya riƙa ƙara. Da yamma kuwa sauro ya fito kamar an aiko shi. Ba ya sa maleriya, amma cizonsa na nan daram. Mutum ya baro sauro a gida ya zo ya biya Yuro a cije shi?

Hajiya Bakatsiniya

Ɗan'uwa ai laifin gidan da ka zaɓa ne. Akwai masu famfo da wuta da komai, a rubuce yake kafin ka biya. Shirun kuma shi masu ƙasar ke zuwa saye.

Mai Kyamara

Ni norppa ta kai ni. Dabbar ruwa ce mai shayarwa, in ka san ayu to ta ɗan yi yanayi da shi, sai dai ba ta kai shi girma ba, kuma jikinta zobe-zobe ne. Irin nata babu shi ko'ina a duniya sai Saimaa. Asalinta ta teku ce. Da ƙanƙarar da ta danne ƙasar ta narke dubban shekaru da suka wuce, ƙasa ta yi ta ɗagowa har tafkin ya rabu da teku, su kuma suka maƙale a ruwan daɗi. An daɗe ana kashe su don suna lalata wa masunta taru, sai a 1955 aka hana. A shekarun 1980 ba su kai 200 ba, yanzu suna wajen 500.

A watan Mayu na je gandun Linnansaari ta ƙauyen Oravi, don lokacin suke hawa duwatsu su sake gashi. Mai jirgin ya kashe inji daga nesa, ya ce kowa ya kama bakinsa. Na daɗe ina kallon wani baƙin dutse kafin dutsen ya ɗaga kai ya yi hamma. A tsakiyar bazara kuwa cikin ruwa suke yini, sai mai sa'a ke hangen ɗan kai ya ɓullo ya nutse. Kada ka yi wa yara alƙawari.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda ake kula da su. Cikin tarin dusar ƙanƙara a bakin tsibiri uwar ke yin rami ta haihu, wajen Fabrairu zuwa Maris. Shekarar da dusar ta yi ƙaranci, mutane ne ke fitowa da shebur, ba biya, su tara musu ita. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Yuni kuma an hana kafa taru a inda suke, don 'ya'yan na sarƙewa su mutu. Masunta ba duka ke jin daɗin dokar ba, amma tana aiki.

Idan da hali ku kai Astuvansalmi wajen Ristiina. Zanen mutanen da ne da jar ƙasa a jikin dutse, ya haura shekara 4,000: namun daji, jiragen ruwa, tafin hannu, har da mace riƙe da baka. Ta jirgi ya fi sauƙi da yara.

Ɗan Zazzau

Na manta maganar salla. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen 11 na dare, kafin 4 ta fito, kuma jan sararin nan ba ya ɓacewa sam. Manhajar wayata da ta abokina sai da suka saɓa a kan isha da asuba. Ka karɓi jadawalin masallacinku na Helsinki, ka tambayi liman yadda za ka yi kafin ku taso. Ku zo da abin rufe ido, in ba haka ba yara ba za su yarda dare ya yi ba.

Maman Biyu

Baban Yara, ka ce wa maiɗakinka kada sauna, ɗakin wankan tururin nan, ta tsorata ta. A gidan da kuka kama ku kaɗai ne, kowa ya shiga da suturarsa. Zafin yakan kai digiri 80, a watsa ruwa kan duwatsu tururi ya tashi, ka fito ka faɗa tafki. Na yi ihu da farko, daga baya ni ake roƙo in fito. Daga ƙarshen Yuli daji cike yake da mustikka, 'ya'yan itace shuɗɗa ƙanana, kuma doka ta ba kowa damar tsinka ko dajin na wani ne, in dai ba ka shiga harabar gidansa ba. Hura wuta ce sai da izini. Kamun kifi da sanda da ƙugiya da tana shi ma kyauta ne. Laimar kwaɗi ce dai kada ku taɓa sai da wanda ya san ta.

Baban Yara

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Mun tsayar da farkon Agusta, bayan an watse daga bikin. Malam, jirgin ƙasa na kaiwa Savonlinna kai tsaye?

Malamin Lissafi

A'a, sai kun sauka a Parikkala kun canja ƙarami, shi ne ma ke bi ta Punkaharju. Ku sa yara kusa da taga. Maganin sauro kuma ku saya tun daga Helsinki, kada Bazamfare ya ce bai faɗa ba.