Musayar Waƙa: Kuren Turanci a Ajinmu

Ɗan Gangare:

Salamu alaikum 'yan'uwa. Sanyin Jos ya hana fita yau, bari mu ɗumama da baitoci. Amsa-amon "ci" ne, duk mai shiga ya riƙe shi.

Bismillahi na ɗau alƙalami,
Ina gai da ɗalibi, ina gai da malami,
Daga Farin Gada har zuwa Dilimi,
Ku zo mu yi dariyar kuren Turanci.

A Naraguta wani zai bar aji,
Ya ce "I am coming", kowa ya ji,
Malam ya ce, "Zuwa kake ko gudu, Alhaji?
Ka ce 'I'll be back', shi ne hukunci."

"Ina zuwa" ce, tamu ta gado,
Ya sa mata kwat, ya sa mata wando,
Ta fito fili ta caɓa ado,
Sai dai ba ta ɓuya ga makaranci.

'Yar Unguwar Rogo:

Yaya, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Riƙe wannan.

Ƙawata ta ce, "Borrow me your biro,"
Mu a gida kalma ɗaya ce, aro,
Bature ya raba ta biyu ba tsoro,
"Lend" na mai bayarwa, "borrow" na mabuƙaci.

Wata ta shigo ɗakinmu da rana,
"I am hearing smell," ta ce, "me ya ƙona?"
Dafa-duka ce ta kama muna ta magana,
Kunne ya karɓe aikin hanci.

"Ji" ɗaya gare mu, kuma ya ishe mu,
Wari da zaƙi da sanyin garinmu,
Da zafin ciwo da kiran iyayenmu,
Su sun rarraba shi, sun sa mu ƙunci.

Na Bukuru:

Ku bar nahawu, ku zo ga baki,
"P" da "f" sun ba mu aiki,
"Fifty" ta koma "pipty" a banki,
Haƙori da leɓe sun ƙi zumunci.

Ɗan Rikkos:

Ni fa ban ga laifin ɗalibi ba. Harshen nake tuhuma, kuma da hujjata.

"Mouse" in sun taru sai a ce "mice",
To don me gidaje ba su zam "hice"?
"Rice" ba ta jam'i, haka ma "advice",
Ina ƙa'ida nan, ina adalci?

"Go" in ta kwana "went" take zama,
Ka sa "did" kafin ta, "go" za ta koma,
"Did you went?" in ji wani, aka hau gardama,
Har aka manta da cin abinci.

Malam na Tudun Wada:

'Ya'yana, tun ɗazu nake karanta ku ina murmushi. Ku ba tsoho hanya.

"Went" ba 'yar "go" ba ce a asali,
Ta "wend" ce aka ɗauko, ga dalili,
"K" ta "knife" da can ana furta ta a fili,
Baki ya yar da ita, ta zauna ga marubuci.

A 1066 Normawan Faransa suka ci Ingila,
Kalmomi suka kwararo kala-kala,
Kotu da fada, har cikin jimla,
Duk suka sha ruwan Faransanci.

Ɗana na Rikkos mai neman haƙƙi,
Akuya in sun taru su ne awaki,
Sa ya zam shanu, doki dawaki,
Baƙon Hausa ma yana shan ɗaci.

Amma akwai abin da ke ci mini rai, ku ji shi da kyau.

Na koyar da wata mai ƙwazo, yarinya,
Ta ce "furnitures", aji ya ɗau dariya,
Aka laƙaba mata sunan, ta sha kunya,
Ta bar ɗaga hannu saboda takaici.

WAEC da NECO ba sa jin roƙo,
Kiredit a Turanci shi ne na farko,
In babu shi an tsaya a hanyar boko,
Ba lauyanci, ba likitanci.

'Yar Unguwar Rogo:

Allah ya ƙara girma, Malam. Wallahi labarin yarinyar nan ya taɓa ni, Allah ya sa ta dawo da ɗaga hannunta.

Maganarka, Malam, ta shiga jikina,
Ni da ƙawar tare muka dara a ɗakina,
Yau "lend me" take cewa a gabana,
Tana gyara wa wasu ba wulaƙanci.

Na Bukuru:

Malam, tun da kana kusa, ga wata shari'ar.

Abokin ɗakina in an yi dare,
"Off the light!" yake cewa, na ce kure,
Ya ce haka kowa ke faɗa har a Gangare,
Raba mu, Malam, cikin aminci.

Malam na Tudun Wada:

Gaisar mini da shi, ka ce ya saurara,
"Off" ba aikatau ba ce, sai an ƙara
"Switch" ko "turn" kafin ta, ya gyara,
Kuma ya tashi ya kashe da kansa, ban da lalaci!