Yaron nan mai ƙafar hagu: mu yi masa lisans ko mu dawo da ɗan bayanmu?

Baban Hajara, Yelwa, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Magana ce a kan yaron nan da ya hana mutane zama a gasar ƙwallo ta hutun makaranta ta bana, mai lamba 11 na 'yan Jambutu. Ba zan kama sunansa ba, tunda ba a riga an zauna da mahaifinsa ba.

Kwamitin kulob ɗinmu zai zauna ranar Juma'a bayan la'asar, kuma kun san abin da ke cikin asusu ba zai ɗauki mutum biyu ba. Ko dai mu yi wa yaron lisans, wato rajistar zama ɗan wasanmu, mu ɗauki nauyin takalminsa da kuɗin motonsa da kuɗin lekol (makaranta) na shekara, ko mu dawo da tsohon ɗan bayanmu da ya gama kwantiraginsa a Marwa. Bara abin da ya kashe mu a gasar yanki bayanmu ne, kowa ya gani. To amma ni yaron nan ya shiga raina.

Abin da ya kama ni ba yankan da 'yan kallo suke wa ihu ba ne. A wasan kusa da na ƙarshe golansu ya ɗaga wata doguwar ƙwallo, tana sama yaron ya waiga ya duba inda abokinsa yake, sannan ya dawo da ido ya tare ta da bayan ƙafa, ta kwanta kamar an ajiye ta da hannu. Ɗan bayan da ya taho masa da gudu sai wucewa ya yi. Taɓawa ta biyu ta riga ta tafi cikin akwati. Yaro ya duba kafin ƙwallo ta iso, wannan ba kowane koci ne yake iya koya wa mutum ba.

Aibinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ƙafar dama ta hawa moto ce kawai. Siriri ne, kafaɗa ɗaya ake yi masa ya bar wurin. Da an dawo hutun rabin lokaci da kaɗan za ka ga ya riƙe ƙugu. Kuma idan ƙwallo ta ƙwace masa ba ya bin ta, tsayawa yake yana kallon alƙalin wasa. An ce shekarunsa 16.

Waɗanda suka gan shi su faɗa mana gaskiya, domin ni ina jin son da nake masa ya fara rufe mini ido.

Ɗan Rumde

Wa alaikumus salam. Yaya Baban Hajara, wallahi in kuka tsaya sai Juma'a kun makara. Ranar wasan ƙarshe da idona na ga wani mai farar mota ya ja shi gefe yana karɓar lambar waya. Ɗan baya kuma ai ko a Pitowa ranar Lahadi ka je za ka samo uku. Mai ƙafar hagu irin wannan fa?

Garin nan ne ya fitar da Vincent Aboubakar. Yana da shekara 18 aka tafi da shi gasar kofin duniya ta 2010 daga Coton Sport, a shekarar ya wuce Valenciennes. Kafin shi Jacques Zoua ya tafi Basel a 2009, bayansa Edgar Salli ya tafi Monaco a 2011. Duk 'yan Garwa ne, ƙurar nan suka shaƙa. Da an ce su sirara ne a bari su yi ƙiba, da wa ya ci wa Kamaru ƙwallon nan a ragar Masar a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2017? Jiki tuwo ke kawo shi. Ido da ƙafa kuwa ba a sayen su a kasuwa. Ku ɗauke shi!

Tsohon Gola, Lopere

Ɗan Rumde, ɗana, sannu da zafi. Duk yaron da ya yanke mutum biyu a garin nan sai a ce ga sabon Aboubakar, mun ji wannan har kunne ya gaji. Su ukun da ka lissafa ba daga gasar hutu suka hau jirgi ba. Sun shiga hannun Coton a lokacin da take gogayya da manyan Afirka: a 2008 ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun nahiya, Al Ahly ta ci ta 2-0 a Alƙahira, aka zo filin Rumde Ajiya a nan Garwa aka tashi 2-2. Yaron da yake atisaye kullum da mutanen da suka buga irin wannan wasa, ga abinci, ga likita, ga fili mai ciyawa, dole ya girma da sauri. Mu me muke da shi? Ƙwallaye ne da ba su cika raga ɗaya ba, da jarkar ruwa.

Na kalli yaron, kuma Baban Hajara bai yi ƙari ba a kan taɓawarsa. Amma a lura da abu guda. Filin da aka yi gasar yashi ne, ƙwallo tana mutuwa da kanta in ta sauka, ɗan baya kuma ba ya iya juyawa da sauri. Rabin yankan da ya yi, yashi ne ya taya shi. A kai shi busasshen fili mai tauri inda ƙwallo ke tsalle, ko mai ciyawa da aka yi wa ban ruwa inda take gudu, sannan a sake magana. Na biyu, 'yan gasar hutu ɗalibai ne da 'yan uwansa na unguwa, ba mai son ya karya ɗan maƙwabcinsa. Gasar yanki kuwa akwai magidanta masu 'ya'ya uku, waɗanda ladan wasa shi ne cefanen gidansu. Ka je Gidar ko Figil ka yanke irin wannan mutum a gaban jama'arsa, karo na biyu ba ƙwallo zai nema ba. Ga ranar Maris da Afrilu, zafi ya haura digiri 40 ana buga wasa da yamma. Yaron da yake riƙe ƙugu a watan Agusta, da damina, ya zai yi?

Duk wannan ana iya gyara shi. Abin da ba ya gyaruwa shi ne takarda. Ka ce "an ce shekarunsa 16". Wa ya ce? Ka ga takardar haihuwarsa? Ta asali ce da aka yi a lokacin haihuwa, ko jijman ce da aka karɓo a kotu daga baya? Ba na zargin kowa, yara da yawa a arewa ba a yi musu takarda sai za su zana jarrabawar firamare, kuma a nan ne ake rubuta shekarar da ta yi wa mutum daɗi. Amma zamanin ya wuce. Tun da Samuel Eto'o ya hau shugabancin Fecafoot, hukumar ƙwallon Kamaru, a Disamban 2021 aka matsa a kan wannan. Tsakanin ƙarshen 2022 da farkon 2023, cikin yara 30 da aka kira tawagar 'yan ƙasa da shekara 17, an sallami 21 bayan an saka wuyan hannunsu a na'urar MRI. Ƙashin wuyan hannu take dubawa, ko ya gama haɗewa ko da saura, kuma ba ta san ɗan wane ba.

Dalilin da ya sa na dage: in da gaske 16 ne, duk aibin da ka lissafa na yarinta ne, zai yi tsawo, zai cika, numfashi zai zo. In kuwa 20 ne da ɗoriya yake wasa da ƙannensa, to abin da ka gani shi ne iyakarsa, kuma siririn mutum mai shekara 20 da ba ya iya minti 90 ba zai kai mu gasar hawa Elite Two, rukuni na biyu na ƙasa, ba. Kada ku tambayi yaron, kada ku tambayi mai farar mota. Ku je wurin mahaifiyarsa, ku ce wace shekara ce, da wa da wa aka yi goyonsu tare. Mata ba sa mantawa da wannan.

Ɗan Rumde

Baba, na ji, Allah ya ƙara girma. Amma ko gemu bai fara ba fa.

Tsohon Gola, Lopere

Reza jaka nawa ce?

Malama A'i, Marware

Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in sa baki, ƙanena yana buga muku tsakiya, don haka ni ma kulob ɗina ne. A kan shekaru zan iya rage muku wahala: yaron ajinsu ɗaya da ɗan yayata tun firamare, bana suka zana jarrabawar sakandare ta BEPC tare, kuma tun suna ƙanana kansu ɗaya. In ya wuce 16 to da kaɗan ne. Duk da haka a je a ga takardar kamar yadda Baba ya ce.

Ni damuwata mai farar motar ce. Dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika 18 ba wata ƙasa don ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi da ba su shafi yaranmu ba. Saboda haka duk wanda ya zo wa uba da maganar Turai ko Dubai a kan ɗan shekara 16, ya ce a kawo kuɗin biza da na jirgi, kuɗin yake so. A unguwarmu an sayar da fili a kan irin wannan, yaron ya yi wata da watanni a wani ɗaki a Duwala, ya dawo ba ƙwallo ba lekol. In kulob zai ɗauke shi, a rubuta a takarda cewa atisaye bayan an tashi daga lise (sakandare) ne, kuma kuɗin makarantar a kai shi makaranta, kada a damƙa wa kowa a hannu.

Sakatare, daga Marwa

Ina gaida manya. Ni aikin takardun wani ƙaramin kulob nake yi a nan, bari in ƙara abin da ba a faɗa ba. Lisans ɗin nan da kuke gani kamar kashe kuɗi ne, shi ne kaɗai shaidar cewa yaron ya bi ta hannunku. A tsarin FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23, kowa gwargwadon shekarun da ya yi a wurinsa. Akwai kuma kuɗin horarwa idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararre a waje. Amma sai sunansa yana cikin rajista a ƙarƙashinku, da suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya. Ku ciyar da shi shekara uku ba lisans, ranar da ya tafi ko sefa biyar ba za ku gani ba.

Game da tsohon ɗan bayanku, na gan shi a nan kakar da ta wuce. Kansa yana nan, yana karanta wasa, amma gwiwar hagu ɗaure take kullum, kuma wasannin ƙarshe daga benci ya kalle su. Ku sa a duba shi kafin ku ba da kuɗi.

Shawara ɗaya ga kocinku: ya gwada yaron a lamba 3 a atisaye. Ambroise Oyongo daga Coton ya tafi Amurka a 2014, kuma a bayan hagu ya ci kofin Afirka da Kamaru. Mai ƙafar hagu da ya iya ɗaga kai ya fi tsada a baya, kuma a can dole ya koyi bin mutum, ba tsayawa kallon alƙali.

Baban Hajara, Yelwa, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Sakatare, maganar gwiwar nan ba wanda ya faɗa mana, har wanda ya kawo mana maganar dawowarsa. Lamba 3 kuwa ban yarda ba. Ka ɗauki yaron da Allah ya ba idon ganin raga ka ce ya yi gadin layi, ai zai tsani ƙwallon gaba ɗaya. A bar shi gabansa, a koya masa dawowa.

Baba Tsohon Gola, maganarka ta fili ta zauna mini. Na yi waya da koci yanzu, ya yarda a haɗa wasan sada zumunci ranar Laraba da manyanmu, a filin lise mai tsakuwa, ƙarfe huɗu. Za a sa yaron a ɓangaren 'yan benci su kara da manyan, a sa kyaftin ya riƙe shi, kuma an gaya wa kyaftin kada ya ji tausayi, kada kuma ya karya mana shi. Minti 90 cur zai yi. Ni abin da zan duba shi ne abin da zai yi bayan faɗuwa ta uku.

In ya tashi ya nemi ƙwallo, ranar Juma'a zan ɗaga hannu a kansa, baya kuma mu lallaɓa da yaran da muke da su, ko da bana ma ba mu hau ba. Na san wasu a kwamiti ba za su so jin haka ba.

Malama A'i, ki taimaka ki yi wa mahaifiyarsa magana ta hannun yayarki, a ce muna tafe gobe bayan magariba, ni da Baba in ƙafarsa ta yarda. Ɗan Rumde, kai kuma tunda kai ka ga motar, ka samo mana ko wane ne, amma kada ka je kana cewa kulob ya riga ya ɗauki yaron. Ruwan ranar Laraba a kanka yake, jarka biyu, da ƙanƙara.