Neman kalma: me za mu kira "temporary file" da Hausa?

1/ 'Yan'uwa masu harkar kwamfuta, ku taya ni da kalma. Ina shirya wa ɗalibaina darasin tsaron Linux (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) da Hausa, sai na cije a kan "temporary file", wato fayil ɗin da manhajar rubutu ke ajiyewa a gefe kana tsaka da aiki.

2/ Duk wanda ya taɓa amfani da manhajar rubutu ta Vim ya san shi. Kana buɗe wasika.txt, sai .wasika.txt.swp ya bayyana kusa da shi a ɓoye. In wuta ta ɗauke, shi zai dawo maka da abin da ka rubuta. Shi kuwa nano, wata manhajar rubutun ke nan, in aka kashe shi ba shiri, yakan juye aikinka cikin fayil mai ƙarewa da .save.

3/ Ga inda gizo ke saƙar. Mutum ya gyara wp-config.php, fayil ɗin saitin WordPress (manhajar gina shafin intanet), kai tsaye a kan sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, layi ya yanke, .swp ɗin ya kwana a wurin. Sabar ba ta nuna wa baƙo abin da ke cikin fayil ɗin php, amma .swp tana iya miƙa shi ga duk wanda ya san sunan, da kalmar sirrin rumbun bayanai a ciki. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin mai shafin bai ma san akwai shi ba.

4/ Aibin fayil ɗin .save na nano kuwa, an yi masa rajista a kundin aibobin manhajoji a 2024 da lambar CVE-2024-5742. A nano na wancan lokacin, tsakanin rubuta .save da daidaita izininsa (wa ke da ikon karanta shi ko canza shi) akwai 'yar tazara. Mugu ya yi wuf ya musanya shi da mahaɗin da ke nuni zuwa wani fayil daban, sai izinin ya sauka inda bai kamata ba.

5/ To, kalmar. Da yawa sun ce "fayil na wucin gadi". Ban ƙi ba, kunne ya saba da ita. Sai dai yanzu ana jan "wucin gadi" zuwa ma'anar abin da ba na asali ba, ɗalibi zai iya ɗauka fayil ɗin jabu ne. Alhali aikinka na gaske ne a ciki, da sirrinka duka.

6/ Wani malamina ya kawo "riƙon ƙwarya", kuma ta kwanta min. Shugaban riƙon ƙwarya yana riƙe kujera ne kafin mai ita ya zo, amma hatimin ofis yana hannunsa, dole a tsare shi kamar na dindindin. Abin da nake so ɗalibi ya ji ke nan tun daga sunan.

7/ Don haka a darasina zan rubuta "fayil ɗin riƙon ƙwarya", aibin kuma "sakaci da fayil ɗin riƙon ƙwarya". Waccan tazarar ta nano na sa mata "rige-rige" tukuna. Malamai, in akwai wadda ta fi ta dacewa, ku turo min kafin Asabar, ranar zan buga takardun.