Kuɗin awa ko jinga, wanne ne cutar kai?

Mai Zanen Logo: Salam 'yan uwa. Ni fa ina nan kan maganata ta jiya, duk wanda yake cajin kwastoma bisa awa kansa yake cuta. Logon da a da yake cinye min kwana biyu yanzu awa uku na gama shi, in na ce dala 10 a awa kenan dala 30 zan tashi da ita, wai don hannuna ya faɗa sai kuɗina ya ragu? Ko a gona mai ƙarfi jinga yake karɓa, rago ne ke son kuɗin yini.

Hajiya Mai Fassara: Ƙanena bi a hankali da kalmar rago. Na taɓa karɓar jingar fassara daga wata ƙungiya, muka yi ciniki aka ba ni kafin alƙalami, ina miƙa aiki sai ga gyara, a canza "cuta" a sa "ciwo", washegari a ce a mayar yadda yake, can kuma ga ƙarin shafi huɗu wai ai ɗan kaɗan ne Hajiya. Sati uku ina abu ɗaya, da na raba kuɗin da awannin da na ɓata wallahi da ƙyar ya biya min data.

Mai Zanen Logo: Hajiya wannan ai ba laifin jinga ba ne, ke ce ba ki yanke musu adadin gyara ba. Ni biyu ne, na uku da kuɗinsa.

Hajiya Mai Fassara: Na ji, amma gonar da kake misali da ita ana zagaya ta a ga iyakarta kafin a yi jinga. Wanda shi kansa bai san abin da yake so ba fa, ina iyakar tasa gonar?

Ogan Kwamfuta: Hajiya ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. A kawo maka manhajar da wani ya rubuta ya gudu a ce gyara, ba ka san me ke ciki ba sai ka buɗe, ta yaya za ka yanke farashi? Dole awa. Amma kar a ɗauka awa daɗi ce, a Upwork, shafin neman aiki ta intanet, manhajarsu tana ɗaukar hoton fuskar kwamfutarka sau ɗaya cikin kowane minti 10, ga nepa su ɗauke wuta kana tsaka da aiki, lokacin da ka ɓata wajen tada janareta babu mai biyanka.

Mai Zanen Logo: Oga to je Kantin Kwari ka ce wa Alhaji dubu biyar kake caji a awa mu gani 😂 cewa zai yi kai likita ne?

Ogan Kwamfuta: Ba sai ka faɗa masa ba malam, lissafin a cikinka za ka yi. In kana son dubu 400 a wata kuma kwana 20 kake aiki, kar ka lissafa awa takwas, neman kwastoma da amsa saƙo da jiran netwok sun cinye rabi, awa huɗu ce ta kuɗi, 80 kenan a wata, ka ga dubu biyar ɗin ta fito. Sai ka ɗora mai da data, tunda aka cire tallafi a Mayun 2023 litar da muke saya ƙasa da 200 sai da ta haura 1,000. In a Fiverr ne kuma, wani shafin irin Upwork, kashi 20 cikin ɗari nasu ne, aikin dala 100 tamanin za ka gani, ita ma sai bayan kwana 14.

Hajiya Mai Fassara: Ga kuma doguwar jinga da naira. Dala tana wajen 460 a farkon Yunin 2023, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce 1,500, wanda ya yanke farashin aikin wata takwas a tsakanin nan ai ya yi wa mutane aikin lada.

Mai Zanen Logo: To ai Oga ka dawo layina, jinga kake ba Alhaji.

Ogan Kwamfuta: Da awa na auna ta dai. Kai logon da ka ce awa uku, ka haɗa da kiran wayar da kwastoma yake maka da daddare?

Mai Zanen Logo: Hmm bari in dawo, ga shi nan ma ya turo saƙon murya wai uwargida ta ce koren ya yi duhu.

Hajiya Mai Fassara: Gyara na nawa kenan ƙanena?

Mai Zanen Logo: Na biyar, amma abokin babanmu ne.